Lilon Da Ba A Hau Ba

Shafi na 12

Assalamu alaikum mutanena. Tun jiya wayata ba ta huta ba. Masu cewa Nu'uman bai yi laifi ba, da masu cewa Mahfuza ta cika riƙo, duk na ga saƙonninku, har da baiwar Allahn da ta rubuto mini wai ai yaro mantuwa gare shi. To madalla. Ku gyara zama, yau gidan Inna za mu a Safana.

*

"Sake faɗa in ji."

Nu'uman ne durƙushe gaban 'yarsa Ramlat a tsakar gidansu na Batsari, hannunsa ɗaya dafe da ƙatuwar jakar tsaraba. Shekarar yarinyar tara. An yi mata wanka, an sa mata kayan Sallarta, ga wata hula mai ruwan hoda a kanta da hoton lilo a gaban.

"Mun shiga da hantsi," in ji Ramlat. "Na hau babban lilo sau biyu. Na hau dokin da yake juyawa. Mun ci shinkafa da kaza."

"Da mi kuma?"

"Da askirim."

"Yawwa, ɗiyar Baba."

Mahfuza, uwar yarinyar, tana tsaye bakin ƙofar ɗaki da hijabi a hannu. Kwana biyu ke nan da dawowarsu daga Kano, kuma a kwana biyun nan maganarta da mijinta ba ta wuce "ga abinci" ba.

"Malam, hadda ake yi? Wace sura ce wannan, ban santa ba?"

Bai ɗago ba. "Ramlat, je ki jira ni wurin babur."

Yarinyar ta fita sumui-sumui. Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa.

"Mahfuza, don Allah don Annabi. Yini ɗaya ne. Mu je mu gaida Inna, mu raba tsarabar nan, mu dawo. Ba ni son magana."

"Ai ba ni zan yi maganar ba. Ka riga ka horar da mai yi maka."

"To so kike ta je ta ce mi? Ta ce mun je Kano mun tsaya bayan shinge?"

"Ƙarya ce in ta ce haka?"

Ga waɗanda suka shigo mana a tsakiya, bari in taƙaita. Wata goma sha ɗaya Mahfuza ta yi tana matsar man gyaɗa, tana suyar ƙuli-ƙuli, tana jefa abin da ya samu a asusu. Alkawari ta yi wa Ramlat: in ta zo ta ɗaya a aji, za a kai ta wurin wasan yara na Kano, wanda take gani a wayar maƙwabta. Yarinya ta zo ta ɗaya. Aka fasa asusu, Mahfuza ta kasa kuɗin gida huɗu, ta ɗaure kowane kashi da roba. Na mota, na shiga da lilo, na abinci, sai ɗan ƙarami na tsarabar Inna da maƙwabta biyu. Abu ɗaya ta roƙi mijinta, kada ya gaya wa kowa sai Inna.

Shi kuwa gogan naku, ana gobe tafiya ya wanke babur, ya sa farar shadda, ya bi dangi gida-gida yana sallama tun daga Batsari har Safana, sai ka ce mai tafiya Makka. Kun dai san yadda abin yake. Gidan da ka shiga ka yi wa sallama, aka damƙa maka ɗari biyu aka ce ka sha ruwa a hanya, to wannan gidan ya fara jiran tsarabarsa. Gida ashirin da bakwai Nu'uman ya shiga.

"A tashar Katsina ka ce in kawo kuɗin ka riƙe," in ji Mahfuza. "Wai Kano akwai 'yan sane. Ashe da nawa na taho tun daga gida."

"Ki iya bakinki!"

"Ka bar mu gidan abokinka, ka ce za ka je ka dawo. Ka dawo da wannan jakar."

"Sata na yi? Ko ci na yi? Ko sisi ban kai bakina ba. Ga su nan cikin jaka."

"Abincinmu ne cikin jakar. Lilon ɗiyarka ne cikin jakar."

"Lilo, lilo, lilo! Minti nawa ne lilon? Ta hau, ta juya, ta sauko, shi ke nan. Ni kuwa nan zan ci gaba da zama da mutane. Shekarar da 'yan bindiga suka hana mu noma a Babban Duhu, wa ya ciyar da Inna? Mutanen nan ne, kwano-kwano. Sai in je Kano in dawo masu hannu rabbana?"

"Da ba ka je masu sallama ba, wa ya san ka tafi?"

Ya sunkuya yana gyara bakin jakar. Ta ci gaba.

"Awa uku, Malam. Awa uku yarinyar nan tana riƙe da ƙarfen shinge tana kallon 'ya'yan mutane suna tashi sama suna saukowa. Na roƙi mai gadi ya bar ta ta shiga ita kaɗai, ya ce ba tikiti ba shiga, kuma yaro sai da babba. Ta ce in mun shiga tana son ta ci shinkafa da ɗan cokalin roban nan. Fanke biyu ta ci da ruwan leda. Kai kuma mi kake yi? Kana gyara mana tsayuwa gaban ƙofa kana ɗaukar hoto. Ku yi murmushi, ku yi murmushi."

"Ai ta yi murmushin."

"Ta yi. Shi ne abin da ya tsaya mani a rai."

Ya saɓa jakar a kafaɗa. Da ya kai bakin zaure sai ya juyo.

"Ki tuna dai ɗiyar fari ce. In kika buɗe baki a kanta gaban surukai, ke za a ce ba ki da kunya. In kuma kika tona ni gaban Inna, ke kin san sauran."

Ta zura hijabinta ta bi shi. Ba ta ce masa ta ji ba.

*

Kafin azahar suka isa Safana. Tun daga zaure ake jin hayaniya, don labarin jakar ya riga su zuwa. Mata sun cika tsakar gida, yara sai tsalle suke. Inna, mahaifiyar Nu'uman, tana zaune kan tabarma ƙarƙashin darbejiya da carbi a hannu.

Mahfuza ta cire takalmi ta durƙusa nesa kaɗan.

"Inna, mun same ku lafiya?"

"Lahiya lau. Kun zo lahiya? Ya gajiyar tahiya?"

"Ba gajiya, Inna."

"Ya kuka baro mutanen Kanon?"

"Suna gaishe ku."

"Muna amsawa. Ya sana'a? To madalla. Allah shi yi albarka."

Ba a gama gaisuwa ba Yaya Atika, babbar yayar Nu'uman, ta janye jakar gabanta ta zuge. Dama ita ce mai rabo a gidan nan, ko ba a sa ta ba.

Atamfa ta Inna. Huluna na kawunnai. Sabulu, turare, dabino, takalman roba, tabarau na yara, agogon roba, alewa, balan-balan. Atika tana ɗagawa tana kiran sunan gida, ana miƙa hannu, ana "Allah shi ƙara buɗi, Nu'umanu." Shi kuwa ya samu kujera ya harɗe, yana ta "ba komai, ba komai, ai yi wa kai ne." Wallahi ni da nake ba ku labarin nan, a nan na fara jin haushinsa na gaske.

Mahfuza tana gefe tana kallo. Duk abin da aka ɗaga ta san kasko nawa na ƙuli ya ci.

Jaka ta ƙare. Sai aka ji kuka.

Rahma ce, 'yar autar Atika, sa'ar Ramlat. An ba ta agogon roba ta jefar.

"Ni ba ni son shi! Hular nan nike so!"

Ta nuna kan Ramlat.

Hular nan ita kaɗai ce abin da Ramlat ta samu a tafiyar gaba ɗaya. Wurin wani mai talla a bakin ƙofar wurin wasan aka saya, da canjin da Mahfuza ta tsinta a ƙasan jakarta. Tun ranar yarinyar ba ta cire ta ba sai za ta yi wanka.

Ramlat ta dafe hular da hannu biyu ta dubi ubanta.

"Ba 'yar'uwarki mana," in ji Nu'uman yana dariya. "Hoton lilo ne kawai a jiki. Ai ke kin hau na gasken."

Yarinyar ta tsaya jim. Sannan ta cire, ta je ta ɗora wa Rahma a kai da hannunta.

Mahfuza ta sunkuyar da kai ta ciji leɓe har sai da ta ji gishiri-gishiri. 'Yar fari ce. Uwa ba ta kiran sunanta gaban surukai, balle ta tsaya mata. Haka aka tashe ta, haka ta yi shekara tara tana yi.

"Zo nan, ƙawata," in ji Inna tana yafuto jikarta. "Kin je birni kin dawo kina yi mani yanga. Zauna ki ba ni labari. Wai da gaske abin har sama yake kai mutum?"

Ramlat ta zauna gaban kakarta. Yara suka zagaye ta.

"Mun shiga da hantsi," ta fara, murya ƙasa-ƙasa. "Na hau babban lilo sau biyu."

"Ba ki ji tsoro ba?"

Nan haddar ta ƙare, ba a koya mata amsar wannan ba. Mahfuza ta ɗago, ta ɗauka yarinyar za ta kakare.

Ba ta kakare ba.

"Da farko na ji. Kujeru sha shida gare shi, Inna, ja da rawaya da shuɗi. Ni shuɗiya na hau. Wani mutum mai riga kore shi ke rufe maka ƙarfe a ciki. Sai ya fara tafiya a hankali, a hankali. In ka kai can ƙoli sai ya tsaya kaɗan."

"Ya tsaya? A sama?" in ji wani yaro.

"A sama! Kana ganin duk Kano, motoci ƙanana-ƙanana. Iska tana kaɗa maka riga. Cikinka ya yi wani iri. Wata yarinya kusa da ni ta yi ta kuka, ni ce ma na riƙe mata hannu na ce ta rufe ido."

"Kai, jaruma!" in ji Inna.

Muryar Ramlat ta buɗe. Ta miƙe tsaye tana gwada yadda doki ke juyawa, yadda ƙananan motoci ke karo da juna. Idonta yana ƙyalli. Yara sun saki baki, har Rahma ta manta da hularta. Nu'uman yana gyaɗa kai kamar malamin da ɗalibinsa ya yi sauka.

Mahfuza ta zuba wa 'yarta ido. Abin da yarinyar ta tsaya ta ƙirga ta cikin shinge da yunwa a cikinta, shi take sayarwa yanzu, kuma daɗin abin take ji. Wannan yarinyar ce fa da ko alewa ta tsinta a ɗaki sai ta kawo ta ce "Umma, ta wa ce?" Kwana biyu kacal aka yi aka mayar da ita haka. Baƙin cikin kuɗin ma sai ya zama ƙarami.

"Shi ya sa mana," in ji Atika tana ninke jakar. "Ni dai na ce tsarabar ga ta yi ƙaranci. Sabulu ɗaya gida guda, ina aka taɓa yi? Ashe can aka zube kuɗin. Lilo sau biyu, ga kaza, ga askirim."

Mata suka yi dariya.

"Ƙanina ya yi ta wahala yana tara ɗan albashinshi, an je an kaɗa shi a iska. Mahfuza, kaza nawa kika ci ne? Ga shi har kumatu kin yi."

Aka sake kwashewa da dariya. Mahfuza ta dubi mijinta. Kalma ɗaya take jira, ko da "a'a Yaya, kuɗinta ne."

Nu'uman ya gyara hula.

"Haba Yaya, ai don iyali ake nema. In sun ji daɗi, ni na ji."

Mahfuza ba ta san lokacin da ta miƙe ba.

"Ramlat ba ta hau komai ba."

Wata tsohuwa ta dafe ƙirji.

"Subhanallahi! Sunan ɗiyar fari gatsau, gaban Inna?"

"Na faɗa. Ramlat. Ni na haife ta. Ba ta hau lilo ba, ba ta hau doki ba, ba ta ci kaza ba. Ko ƙofar wurin ba mu tsallaka ba."

"Mahfuza!" Nu'uman ya miƙe.

"Kuma ba albashinshi ba ne, Yaya. Ƙulina ne." Ta miƙa hannuwanta duk tabon mai. "Wata sha ɗaya. Na ware na tsaraba, na ware na abinci, na ware na lilo. Ya haɗe su duka ya sayo maku wannan. Sabulun da kika ce ya yi kaɗan, abincin ranar ɗiyata ne. Atamfar Inna, tikitinmu ne mu uku. Fanke biyu ta ci a Kano, a tsaye, a rana."

Wata mata ta ajiye turarenta ƙasa a hankali. Wata kuwa ta tura nata cikin zane, kada a ce a maido.

Inna ta daina jan carbi.

"Nu'umanu, mi nike ji haka?"

"Inna, ɓacin rai ne kawai. Mun ɗan samu saɓani a hanya. Ga hotuna ma, ku gani."

Ya miƙa wa Atika waya. Mata suka taru a kanta.

"Ga su kuwa!" in ji Atika. "Ga ƙofar, ga fitilu, ga yarinya tana dariya. Ke Mahfuza, wane irin sharri ne wannan?"

"Ci gaba da turawa, Yaya. Ki nemo mani guda ɗaya na ciki."

Atika ta tura. Ta sake turawa. Ƙofa. Ƙofa. Ƙofa daga gefe. Babban lilo daga nesa, da sandunan shinge a gabansa. Yatsanta ya tsaya.

Manya suka kawar da kai. Yara ne ba su san kara ba.

"Laa! Ashe ƙarya take!" in ji Rahma, da hular a kanta. "Ba ta hau ba! Ramlat maƙaryaciya!"

"Maƙaryaciya! Maƙaryaciya!" sauran suka ɗauka, har da tafi.

Sai a lokacin Mahfuza ta juya ta dubi 'yarta. Ita mijinta ta nufa da maganar, ta manta wanda ke tsaye a tsakiyar fili.

Ramlat tana nan inda take gwada juyin doki, hannunta ɗaya bai ma gama saukowa ba. Ta dubi yaran, ta dubi ubanta. Uban ya sunkuya yana wasa da makullin babur.

"Na hau," ta ce.

"Ƙarya ne!"

"Na hau! Wallahi tallahi na hau! Na rantse da Allah na hau, shuɗiya na hau!" Hawaye ya ɓalle mata. Ta ɗaga hannu ta nuna uwarta. "Umma ce! Umma ce take ƙarya!"

Mahfuza ta ji kamar an watsa mata tafasasshen mai. Tun da ta haifi yarinyar nan ba ta taɓa jin rantsuwa a bakinta ba sai yau.

"Ya isa!" Inna ta buga tabarma da tafin hannu. Yara suka yi gum.

Tsohuwar ta jawo Ramlat ta zaunar da ita a cinyarta, ta share mata fuska da bakin zane. Ba ta ko kalli ɗanta ba. Kun ga abin da nake gaya muku? Mutumin da ya haɗa wannan duka yana tsaye da farar shaddarsa, ba wanda ya sake tambayarsa komai.

"Mahfuza, matso nan."

Ta matso ta durƙusa.

"Yarinyar ga ta rantse da Allah a gidana, gaban mutane. Ke kuma kin hwaɗi taki gaban mutane. Magana biyu ba ta zama gaskiya duka. In ke kika yi wa mijinki da ɗiyarki ƙazafi, ki hwaɗa, in san abin da zan yi da ke. In kuma ɗiyar ga ce ta yi rantsuwar ƙarya tun tana shekara tara, ki hwaɗa, kowa shi ji, a san irin tarbiyyar da aka yi mata."

"Inna, shi ya kamata a..."

"Ban tambaye ki shi ba. Ki dubi ɗiyarki."

Mahfuza ta ɗago.

Ramlat tana kallonta daga cinyar kakarta, ido jawur, kitsonta a buɗe. Bayanta ga yara sun yi layi suna jira. Bakin yarinyar ya motsa ba sauti, amma uwar ta gane abin da ta ce.

Umma, don Allah.

"Ke nike saurare," in ji Inna. "Cikin ku biyu, wace ce maƙaryaciyar?"